Karen Bulus Ya Hana Ni Juma'a

Jama'a, yau na zama mai ɗaukar hoton kare, wallahi raina a ɓace yake!

Na fito zan tafi masallaci cikin farar shadda, sai maƙwabcina Bulus ya tare ni a bakin magudanar ruwa. Wai 'yarsa da ke makaranta tana kewar karensu, in ɗaukar mata hotonsa. Kare ya ƙi kallon waya. Bulus ya miƙo min nama ya ce, "Malam, ɗaga naman nan saman wayar, zai kalle ka."

Ni kuma, duk da karatuna, na ɗaga!

Ya kalle ni kuwa. Ƙafafu biyu duk taɓo a ƙirjina, harshe a gemuna! Kafin in wanke in sake kaya, liman ya sallame.

Yanzu Bulus ya aiko, wai kunne ɗaya bai fito ba, a sake!