Man Lorna Mai Nonon Akuya

Shekara ashirin da shida teburina na zuma yana jikin na Lorna Boutilier a kasuwar Asabar ta garinmu. Ita man shafawa take sayarwa, wanda take haɗawa a ɗakin girkinta da nonon awakinta da kakin zumata, yadda kakarta ta koya mata. Masuntan da ruwan teku ke tsattsaga musu hannu ba su san wani mai ba sai nata. Duk wanda ya saya sai ta ɗaga masa yatsa: "A firji za ka ajiye, kada ya wuce mako biyu." Wasu suna ji. Wasu kuwa a aljihun mota nasu yake shekara.

Bara wata mai kanti daga birnin Halifax ta shafa man, ta yaba, ta ce tana son sa a kantunanta. Sharaɗinta ɗaya, takardar gwaji da za ta nuna man ba zai cutar da kowa ba. Odile, 'yar Lorna, ita ta aika da kwalabe shida ɗakin gwaji.

"Wai me za su yi masa?" in ji Lorna.

"Ƙwayoyin cuta za su zuba a ciki, Mama, su jira kwana ashirin da takwas, su ga ko man zai kashe su."

"Su zuba ƙazanta da hannunsu, sannan su ce nawa ne ya lalace? Alden, ka ji shirme?"

Na ce na ji.

"To ka ce wani abu mana, tsohon banza. Ƙudan zumarka ma sun fi ka baki."

Ashe ba a kai ga zubawar ba. Kwalbar da suka fara buɗewa sun tarar da baƙin sun riga su shiga. Takardar ta ce nono ba ya zama cikin mai sai da maganin hana ruɓewa, ta kuma ambaci wata ƙwaya mai illa ga ido. A jikin kowace kwalba kuwa Lorna ta rubuta da hannunta: "Babu sinadari."

A tsaye ta karanta, gaban teburina, har sau biyu.

"Duk shekarun nan wa ya mutu?" ta ce. Sai kuma ta hango Verna Zwicker tana ratsa kasuwa.

Verna ƙawarta ce tun ajin farko, kuma ita kaɗai na sani mai shafa man nan a fuska har fatar ido. Hunturun da ya gabata idonta na hagu ya kumbura, ya yi ruwa. Likitoci sun yi iya yinsu. Yanzu inuwa kawai take gani da shi. Wasu sun ce tsufa ne, wasu sun ce iskar teku. Ba wanda ya tabbatar.

"Alden, kana ganin..." in ji Lorna.

"Ni ba likita ba ne."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Na shiga gyara kwalaben zumar da ba su karkace ba.

Odile ta sayo maganin hana ruɓewar, ta ce komai zai gyaru, a sake haɗawa a sake aikawa. Lorna ba ta ko ɓare murfinsa ba. Ta rubuta wa mai kanti ta ba ta haƙuri. Asabar ta zagayo, sabulu kaɗai ta jera a tebur.

Verna ta iso tana dogara sanda.

"Ke 'yar rowa, ina maina? Fuskata ta zama busasshen kifi."

"Ya ƙare."

"Awakin ne suka yi yaji?"

"Na daina yi, Verna."

Verna ta karkata kai, yadda take yi yanzu in tana son ganin mutum sosai. Lorna ta zaro takardar daga aljihu ta miƙa mata. Verna ta matso da ita kusa da idon dama. Ta daɗe a shafi na biyu. Sannan ta naɗe ta yadda aka ba ta, ta mayar.

"Rubutun ya yi mini ƙanƙanta," ta ce. "Ba ni sabulu biyu."

Har yau tana zuwa kasuwa, tana kuma tsayawa a teburin. Sai dai ban sake jin ta zagi Lorna ba. "Ina kwana" take ce mata, cikin ladabi, irin gaisuwar da muke yi wa baƙi.