Sunan da Inna ba ta faɗa ba

Ina tankaɗe garin hatsi ƙanena ya kira ni a waya daga asibiti. Ya ce hoton kan Inna ya fito, lokotoro yana son ganina. Na hau motar Mirriya zuwa Damagaram da gari a hannun rigata.

Lokotoro ya ɗaga hoton ga hasken taga. Da bakin alƙalami ya nuna mini wurare biyu can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, ƙanana, a lanƙwashe. Ya ce nan ne sabon abu yake fara sauka kafin ya zauna wa mutum, kuma na Inna sun motse. Shi ya sa ba ta riƙe abin da ta ci da safe, amma Fatiha ba ta kuɓuce mata ba, hannunta kuma yana dama fura kamar da. Waɗannan, in ji shi, ba nan ake ajiye su ba. Ya ce ciwon ya daɗe, yana kuma yaɗuwa.

Na san ya daɗe. Shekara guda kafin nan mun kawo ta saboda mantuwa. Wani lokotoro ya nuna ni, ya ce, "Inna, wannan wace ce? Yaya sunanta?"

Ta sunkuyar da kai. Ni ce na yi saurin amsawa, har da dariya. "Lokotoro, ni ce 'yar fari. Ai ba za ta faɗa ba ko za ka kwana kana tambaya."

Shi ma ya yi dariya, ya wuce wannan tambaya, ya rubuta maganin ƙarin jini. Muka koma gida da murna.

Tun ina ƙarama Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, in tana magana da wasu ta ce "waccan". Don haka sauran 'yan'uwana kowa ya san ranar da ta rasa sunansa, ya yi kukansa. Ni ba ni da rana.

Wata bakwai ta yi a ɗakina bayan hoton. Wani lokaci in na miƙa mata ruwa sai ta ce, "Sannu, baiwar Allah." Nakan yi niyyar in tambaye ta ko ta san ni, sai kunya ta hana, ko tsoro.

Ta rasu da damina. Hoton yana cikin akwatina. Ban tambaye ta ba.