Littafin da Muka Rubuta wa Hamdiyya

Hamdiyya ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara shida na ba ta. A Talata Mafara aka haife mu, a gidan Shehu mahauci, inda nama ba ya yankewa. Ko ranar da kasuwa ta ƙi, Baba ba ya shigowa hannu biyu, sai da kayan ciki ko ƙafar saniya a leda. Innarmu Batulu takan yi alfahari cewa ba a taɓa ganin ƙashin wuyan ɗanta a waje ba, kuma Hamdiyya ce babbar shaidarta. Tun tana ƙarama take da jiki, ga kumatu, ga surutu. Ta iya kwaikwayon muryar mutane. Idan ta ɗauko yadda Baba yake ciniki da Fulani a kara, kasuwar shanu, sai Inna ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane.

Da ta gama sakandare ta koyi ɗinki, Baba ya saya mata keke, aka ajiye a rumfar tsakar gida. Hannunta yana da kyau, har daga Bakura, inda nake aure nake kuma koyarwa a firamare, mata kan ba ni atamfa in kai mata.

A shekarar 2019 aka yi bikin ɗiyar kawunmu a Maradun. Hamdiyya ce ta ɗinka wa ƙawayen amarya anko, su goma sha ɗaya. Wajen ɗaukar hoto wata ta ce mata ta koma baya, don ta tare mutum biyu. Aka yi dariya, ita ma ta yi. Bayan kwana biyu hoton ya zagaya a waya, wani ya zana da'ira a kanta ya rubuta abin da ba zan maimaita ba. Ban san da wannan ba sai bayan shekara biyu, da bakinta ta gaya mini. Ban kuma ce shi kaɗai ya jawo ciwon da ya same ta ba. Abin da na sani, daga dawowarsu bikin ta daina cin nama.

Da farko yabo ta sha. Masu kawo ɗinki suka riƙa cewa ta yi kyau, suna tambayar abin da take sha. Sai ta bar tuwon dare. Sai ta ɗauki azumin Litinin da Alhamis, ta ƙara da wasu ranakun, kuma wa zai hana yarinya ibada? Idan Inna ta zuba mata abinci sai ta ce za ta ci a ɗaki. Akuyar gidanmu ta yi ƙiba a wannan shekarar, ba wanda ya tambayi dalili.

Ni da nake zuwa sau ɗaya a wata na fi ganin canjin. Wata rana cikin tsakiyar bazara na same ta kan keke da rigar sanyi. Gashinta ya kakkarye, idanunta sun zurma, awarwaron da ke kama mata hannu yana sauka har gwiwar hannu idan ta ɗaga shi. Na ce, "Hamdiyya, mi ke damunki?" Ta ce lafiyarta lau, ƙiba ce ma take son ragewa kaɗan. Ta kama fatar cikinta ta nuna mini. Ba komai a wurin sai fata.

Muka shiga neman magani. Aka ce gyambon ciki ne, aka ce taifot, ta sha ƙwayoyi iri-iri. Unguwa ta fara raɗa cewa ƙanjamau ce, Baba ya kai ta gwaji da kansa har sau biyu, ba a ga komai ba. Saurayin da ke zuwa wurinta ya rage zuwa, daga baya ya daina, bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Inna ta karkata ga sammu. Aka yi rubutu, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Rubutun kam tana shanyewa ba gardama, tunda ruwa ne. Baba ya gwada faɗa, ya gwada lallashi. Akwai ranar da ya gasa mata hanta da hannunsa, ya yayyanka ƙanana kamar na jariri, ya zauna gabanta yana roƙo. Ta kalli farantin, ta ce masa ya yi haƙuri. Ya tashi ya fita, bai dawo ba sai magariba.

A farkon 2021 ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya, aka kwantar da ita a asibiti. Nan muka haɗu da Dakta Hanifa, wata matashiyar likita mai bautar ƙasa. Ita ce ta fara fitar da mu waje ta zauna da Hamdiyya su biyu, kusan awa guda. Da ta kira mu, ta ce ciwon sananne ne, ta faɗi sunansa da Turanci, ta ce ba ta san sunansa da Hausa ba. Ta ce ba taurin kai ba ne, ba kuma sammu ba, tsoron abinci ne ya kama zuciya, kuma yana kisa idan aka bar shi. Ta ce ita ba fanninta ba ne, a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Baba ya ce ɗiyarsa ba mahaukaciya ba ce, ya gyara hularsa ya tafi.

Kashegari likitar ta miƙo mini takardu kamar ashirin da ta buga. Labaran wasu mata ne na ƙasashen waje da suka yi irin wannan ciwo suka samu sauƙi, da shawarwari ga 'yan uwan mai jinya. Ta ce karatu ba ya maye gurbin likita, amma mai wannan ciwo tana ɗauka ita kaɗai ce a duniya, don haka a karanta mata.

Turancin Hamdiyya na sakandare ne, nawa ma bai wuce na koyar da aji huɗu ba. Na sayi littafin rubutu, na koma zuwa duk Asabar, mukan zauna a rumfa ina karantawa, ina dubawa a ƙamus, tana rubutawa da Hausa. Aiki ne mai wuya. Matan suna maganar abincin da ba mu taɓa gani ba, sai muka musanya da koko, fura, hoce da dambu. Suna maganar zuwa wurin mai ba da shawara duk mako da taron masu irin ciwon, abin da babu shi a garinmu. Waɗannan wuraren muka bar fili.

A mako na uku na karanto inda wata mata ta ce akwai wata murya a kanta da ke zaginta duk lokacin da ta ɗauki cokali. Hamdiyya ta ajiye biro.

"Yaya Raliya, sake karanta wanga wurin."

Na sake.

"Ashe wasu ma suna jin ta," ta ce. Ta kifa kai a kan keken ɗinki ta yi kuka mai yawa, irin wanda ban ga ta yi ba tun tana yarinya.

Inna tana bakin murhu, ta ji komai. Ta ce ai ga shi Turawan ma sun faɗa, aljani ne ke mata magana. Na yi bayani iyakar iyawata cewa tunanin mutum ne da kansa, ba ta yarda ba, ni ma ban iya faɗa da kyau ba. Amma ta karɓi sauran shawarwarin: a ci abinci tare, kaɗan-kaɗan sau shida a rana, kada a tsare ta da ido, kada kowa ya yi maganar jikinta. Kafin kowane ci Hamdiyya takan buɗe littafin ta karanta shafi ɗaya. Wani lokaci rabin kofin koko yakan ɗauke ta awa guda. Cikin wata huɗu fuskarta ta ɗan ciko, ta koma karɓar ɗinki, har wata rana na ji tana kwaikwayon muryar mai tallan manja.

Dakta Hanifa ta gama bautar ƙasa ta koma garinsu, amma ta ci gaba da kiran Hamdiyya duk Juma'a tana turo sababbin rubuce-rubuce ta waya. Sai a watan Satumba aka rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako. Baba ya zauna gida ba yanka, ba mai kira, ba wanda za a kira. Cikin wannan zaman ne gwaggonmu ta zo daga Maradun. Bayan doguwar gaisuwa ta dubi Hamdiyya da farin ciki na gaskiya, ta ce masha Allah, ɗiyata ta murmure, har ta fara mayar da ƙibarta. Addu'a ta yi mata, ba ta nufi komai ba. Hamdiyya ta yi murmushi ta ce amin. A ranar ba ta ci abincin rana ba, kuma duk abin da muka gina a wata huɗu ya rushe cikin mako uku.

Da aka buɗe layi na kira likitar, ta ce kada mu ƙara jira. A wannan karon Baba da kansa ya nemo mota. Mun je Kware sau uku. Sun karɓe ta da mutunci, sun ba da magani, sun ce ta riƙa zuwa duk mako biyu. Amma hanya ba kullum take biyuwa ba. Sau biyu muka shirya aka ce an tare hanya, muka kwance kaya. Daga nan zuwan ya zama sai an samu hali. Da azumi ya zo, likitan Kware ya ce kada ta yi, limamin unguwa ma ya zo har gida ya gaya mata Allah ya ɗauke wa mara lafiya. Ta saurare shi cikin ladabi, ta kuma yi azuminta talatin. Ban san nawa ne na ibada a ciki, nawa ne na ciwon ba. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Bara wata mata mai suna Nagode ta yi sallama a gidanmu daga Dakko. Ta ji labari wurin wata mai kawo ɗinki cewa akwai littafin masu ƙin abinci a nan, ɗiyarta kuma ta shekara tana ramewa ba a gano komai ba. Da ita da ɗiyar, ba mai iya karatun boko. Hamdiyya ta karɓi wayar matar, ta shiga ɗaki, ta karanta littafin tun daga farko har ƙarshe tana naɗar muryarta. Ina jin ta ta taga tana karanta wurin da aka ce jikinki ba abokin gabarki ba ne, a hankali, da murya mai daɗi. A wannan makon ita kanta shayi kawai take sha. Ta gaya wa Nagode ta kai yarinyar asibiti, kada ta tsaya ga sauraro kawai. Matar ta yi godiya ta tafi. Mun kira lambarta sau da yawa bayan haka, ba ta shiga.

Yanzu Hamdiyya tana da shekara ashirin da bakwai. Tana ɗinki idan da ƙarfi. Akwai watan da take ci, akwai watan da ba ta ci, ba mu kuma gane abin da ke juya ta ba. Inna ta daina hayaƙi, ta daina faɗa, sai dai ta zuba abinci ta zauna kusa da ita tana tsince wake.

Asabar da ta wuce na je. Na same ta da kwanon fura a gabanta, ta sha ludayi uku ta tsaya. Muka yi hirar makaranta da tsadar zare. Na so in ce ta ƙara ko ɗaya, amma na san ba a so a ce. La'asar ta gabato, direban motar Bakura ya kira ya ce in ban fito yanzu ba zai tafi, don ba ya bin hanya da yamma. Na ɗauki jakata. Ta ce in gaida yara. Na bar ta riƙe da ludayin.