Abin da Inna Ta Ji da Haƙoranta

'Yata ta fari ilimin dabbobi ta karanta a jami'a. Da aka zo shekarar ƙarshe aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi rubutu a kai, sai ta tsallake akuya da saniya da tarwaɗa, ta ɗauko wata dabbar teku da ko hotonta ba wanda ya taɓa gani a gidanmu na Ƙofar Ran. Fofos ake ce mata. Wai 'yar'uwar dolfin ce, sai dai ta fi ta ƙanƙanta, ga guntun baki. Tana fitowa ta shaƙi iska, tana haihuwa ta shayar kamar kowace uwa. Abin da yarinyar take bi a kanta shi ne yadda take ji a ƙarƙashin ruwa.

Ni ban ga laifi ba. Yayana, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinmu, shi ya ga laifi. Wata ranar Asabar ya shigo ya tarar da ita ta durƙusa ta tsoma kai cikin babban bahon wanki, ni kuma na zura hannu cikin ruwan ina buga cokali biyu kamar yadda ta sa ni. Ta ɗago tana tari, ruwa na zuba daga kitsonta, ta ce, "Umma, na ji sarai, amma ban san daga ina ƙarar take zuwa ba. Fofos kuwa tana sani, ko da ruwan ya yi duhu."

Yaya ya riƙe haɓa. "A Bauchi? Garin da sai an yi cacar baki a bakin famfo kafin a cika jarka, nan za a yi nazarin kunnen kifin teku?"

"Ba kifi ba ne, Kawu," in ji ta a hankali.

Na ce masa, "Yaya, ruwan nan ni na saya, bahon nawa ne, kan kuma nata ne. Wanne ne naka a ciki?" Haka nake, tun ina yarinya bakina ba ya jiran izini, balle a kan ɗiyar da na haifa. Ya kaɗa kai ya wuce ɗakin Inna.

Ɗakin Inna, mahaifiyarmu, can ne damuwar gidan take a lokacin. Tun tana budurwa kunnuwanta ke zubar da ruwa, a yi magani ya tsaya, damina ta zo ya dawo. Da tsufa ya kama ta sai jin ya kusa ɗaukewa gaba ɗaya. Sai ka kafa baki a kunnenta ka ɗaga murya kafin ta tsinci kalma biyu cikin biyar. Mun saya mata na'urar ji, ta yi ta mata fito a kunne, ruwan ya dawo, ta cire ta ajiye. Ga yanar ido, mutum sai dai ta ga inuwarsa.

Autanmu kuma ya tafi aikin gini wata ƙasar Larabawa, ba dama ya zo sai wa'adin aikin ya cika. Kowace Juma'a yana kira. Mu kara mata wayar a kunne, ta saurara, can ta ture ta ce ita ba ta jin komai sai kukan zuma. Mu ce, "Inna, Auta ne, yana gaishe ki." Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin mun san shi. Shekarun baya ƙanwarta da ke Miri ta rasu daidai lokacin da hawan jini ya kwantar da Inna, muka ɓoye mata, kamar yadda ake yi wa tsofaffi. Muna ta kawo mata gaisuwar mamaciya, har ran da wata mai tallan daddawa ta shigo ta ƙwala mata ta'aziyya a kunne. Tun daga nan gaisuwar da aka kawo mata da baki ta daina aiki.

Sai ga shi ta fara sa a soya waina ranar Juma'a a raba wa maƙwabta. Na tambaye ta sadakar mece ce. Ta ce, "Kin fi ni sani." Daga nan ta rage abinci. Tuwo ya je ya dawo an ɗan gutsiri gefe. Zaninta ya fara zagaye ta sau biyu. Na rantse mata da Allah yaron nan yana raye, Yaya ya rantse, ta ce, "Wancan karon ma kun ce tana gaishe ni." Na fito daga ɗakin na shiga kicin na yi kuka, saboda ina kallo uwata tana bin ɗan da bai mutu ba.

Ita kuwa 'yata kullum da yamma tana ɗakin Inna da kwamfutarta, don tun tana ƙarama ƙawar kakarta ce. Idan na zauna sai ta yi ta ba ni labarin dabbarta. Wai tana jin siraran sautukan da kunnen ɗan Adam ba ya kaiwa gare su. Wai takan yi wani ƙyas-ƙyas, sautin ya je ya bugi abu ya dawo, da haka take gane kifi da dutse da ɗanta. Wai ƙarar manyan jirage tana damunta ƙwarai har ta bar wurin kiwonta. Masu bincike kuma sukan koya mata ta taɓa wani abu da baki idan ta ji sauti, su ba ta kifi, su yi ta rage sautin har su ga inda jinta ya tsaya.

Na ce, "Lallai tana da manyan kunnuwa."

Ta yi dariya. "Umma, ƙofar kunnenta kamar hudar allura take, ba ta nan take ji ba. Ta muƙamuƙi take ji. Akwai wani kitse a ƙasan haɓarta, shi ke ɗaukar sautin ya kai can ciki."

Muna cikin haka Inna ta tofar da goron da take tauna ta ce, "Kai, wannan goro da ƙara yake, har cikin kaina." Ta sha faɗin haka, ba wanda ya taɓa kula. Ranar sai na ga yarinyar ta tsaya tana kallon kakarta. Ita ce ta raka ta asibiti, ta kuma riƙe abin da likita ya ce: dodon kunnen ne ya lalace duka biyun, amma can ciki akwai sauran rai.

Ta tashi ta zaro asuwaki ɗaya daga cikin ɗaurin Inna, busasshe, ta ɗauko 'yar sifikar da take jin karatu da ita. Ni ta fara gwadawa. Ta ce in toshe kunnuwana da yatsu, in ciji asuwakin, ta danna ɗaya bakin a jikin sifikar. Wallahi sai na ji mai karatun kamar a tsakiyar kaina yake zaune. Na saki itacen na dube ta. Ta ce, "Kar ki gaya wa kowa tukuna. Wataƙila ba zai yi mata ba."

Ranar Juma'a bayan la'asar Auta ya kira. Yaya yana nan, ya zo da niyyar lallashin Inna ta ci abinci. Da ya ga asuwaki da sifika ya ce, "Yanzu kuma uwar tamu ce ta zama kifin?" Na ce, "Yaya, don girman Allah ka zauna ko ka fita." Ya zauna.

Shawo kan Inna ya fi komai wuya. Ta ce ita ta yi asuwaki da safe. Jikarta ta kafa baki a kunnenta ta ce, "Ƙawata, ciji kawai, da haƙoran cikin nan masu ƙwari." Ta ciza don a rabu da ita. Yarinyar ta haɗa wayar da sifikar, ta ƙure ƙara, ta danna bakin itacen a jiki, ta ce, "Kawu Auta, yi magana, a hankali."

Ya yi sallama. Inna ba ta motsa ba. Ya sake. Sai na ga yatsun ƙafarta sun lanƙwashe a kan tabarma. Ta cire asuwakin ta ce, "Muryarsa ce. Amma murya ana ajiye ta a waya, na sani."

Jikarta ta ce mata a kunne, "To ki tambaye shi abin da kika ga dama."

Inna ta juya wajen sifikar ta ce, "In kai ne, me na ba ka a zaure ran da za ka tafi?" Ta mayar da itacen bakinta da kanta, ta ciza.

Auta ya ce, "Barkono da kuka, Inna, a ƙullin tsohon ɗankwalinki. Kika ce kar in nuna wa Yaya, zai ce ƙauyanci ne. Kukar ta ƙare tuni. An ce min kuma kina raba wainar sadakata, ni ko ɗaya ban ci ba."

Hawaye ya gangaro mata har kan asuwakin. Tana so ta yi magana, tana tsoron ta saki itacen muryar ta tafi. Tun da nake ban taɓa ganin an yi wa Inna magana mai tsawo haka ba ta katse ba. Da ta saki kuwa sai faɗa: me ya sa muryarsa ta dushe, yana kwana a sanyi ne, wa ke masa wanki. Ta tambaya, ta ciza, ta saurara, ta saki, ta ƙara wani faɗan. Yaya ya tashi ya fita tsakar gida yana gyara hula, ya daɗe bai dawo ba.

Ni kuwa ba Inna nake kallo ba. 'Yata nake kallo, ta durƙusa tana riƙe da sifikar da hannu biyu kar ta goce, hannun ya gaji amma ba ta sauya ba. Ni na haife ta, ni na biya ruwan bahon nan, kuma duk wanda ya zauna kusa da ni a gidan biki tun daga ranar ya ji wannan labari, ko yana so ko ba ya so.

Da aka kashe wayar Inna ta ƙulle asuwakin a bakin zaninta. Ta laluba ta kamo hannun jikarta ta ce, "Wa ya koya miki wannan?" Yarinyar ta faɗa mata a kunne, a taƙaice: wata dabba ce a teku, ruwa ya yi mata duhu ba ta ganin ɗanta, sai ta ji shi ta haɓa.

Inna ta ce, "Allah Ya bar mata shi." Sannan ta juyo wajena ta ce, "Ke kuma kin tsaya kina kallon mutane, wainar nan an rabar da ita duka ne?"