Ranar da Dije Ta Kira Sunan 'Yarta

Akwai wata Laraba da ba ta taɓa fita daga raina ba, ko da yake na daɗe da ajiye aiki. Ku da kuke asibitoci yanzu kuna yawan tambayata yadda muka yi aiki a zamanin En'e. To, yau ba labarin ƙwazona zan ba ku ba. Labarin kuskurena ne, da na matar da ta gyara shi.

A shekarun hamsin ni ne dresa a wani ƙaramin ɗakin shan magani tsakanin Yako da Kiru. Dresa shi ne mai wanke gyambo, ya ba da maganin zazzaɓi da na tari, ya rubuta sunan kowa a rajista. Iyakar karatuna elamantare da 'yar horaswa a Kano, amma in na sa kaki ji nake babu ya ni. Likita na gaske, wani Bature, sai bayan wata uku yake zuwa rangadi, ya yi yini guda ya wuce Tudun Wada. Ba ya duba kowa sai wanda na sa masa a takarda. Shi kaɗai ke da abin sauraren ƙirji, shi kaɗai kuma ke iya tura mutum babban asibiti.

Cikin masu zuwa karɓar magani akwai Dije, Bafillatana daga wata ruga bayan Badafi. Ciwon zuciya gare ta. Ƙafafunta a kumbure, in ta yi 'yar tafiya sai ta dafa bishiya tana haki. Da likita ya duba ta, ta gaya masa haka uwarta ta rasu, haka kuma wanta ya faɗi a wajen kiwo bai tashi ba. Ya juyo ya ce mini, "Wannan ciwon gado ne. Kafin in dawo, ka sa mini duk 'ya'yan da ta haifa a takarda."

Laraba, ranar karɓar magani, ta zagayo, sai ga ta da yara maza biyu ƙanana, da wata yarinya mai kamar shekara goma ɗauke da ƙwaryar nono. Mazan ta faɗi sunayensu ba gardama, na rubuta. Na nuna yarinyar da alƙalami.

"Wannan fa, 'yarki ce?"

Ta kau da kai. "Ta gidanmu ce."

"Yaya sunanta?"

Ta juya tana gyara wa ƙaramin yaron riga.

"Baiwar Allah, da ke nake. Ke kika haife ta?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Malam, ka dai rubuta ta."

Na ce a raina 'yar riƙo ce, so take a duba mata ita a ɓagas. Yarinyar tana tsaye a gabana, ko tambayarta ban yi ba. Na rufe rajista.

Maganin Dije na wata guda ne, amma tun daga ranar ba ta sake fashin Laraba ba. Damina ce, hanya duk laka. Takan iso rana ta take, ta zauna a gindin maɗaci sai numfashinta ya dawo, sannan ta turo yarinyar gaba.

"Malam, ka rubuta ta?"

"'Ya'yanki likita ya ce, ba 'ya'yan ruga duka ba."

Wata rana ta matso ta rage murya. "Malam, ka dubi leɓenta in ta sauke kaya. Na san wannan baƙin."

Na ce, "Ɗinya ta ci." Mutanen layi suka yi dariya, ni ma na yi. Allah Ya yafe mini wannan dariyar.

Ranar rangadi, ita ma Laraba ce, wurin ya cika. Dangin mijin Dije sun rako ta, har da surukarta, wata tsohuwa mai sanda. Likita ya duba yaran biyu, ya ce lafiyarsu lau. Da la'asar ya rufe akwatinsa, direba ya ta da mota. Wanda bai samu shiga ba, sai bayan wata uku.

Sai Dije ta miƙe. Ta dafa ginshiƙin rumfa, ta ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba.

"Likita! Sunanta Altine. Ni na haife ta. Ita ce ta fari."

Matan ruga suka sunkuyar da kai. Surukar ta yi salati, sannan ta nuna ni da sanda.

"Kai ɗan nan, daga sama ka faɗo? Wace uwa ce ke kiran sunan 'yar fari? Ka sa ta ta tuɓe kunyarta a gabana, a gaban maza!"

Sai na tuna. Ni ɗin nan ɗan fari ne. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "yaron nan", kuma kullum ta fi cika mini kwano. Na san wannan kunyar tun ina rarrafe. Kaki da 'yan kalmomin Turanci suka mantar da ni.

Likita ya tambaye ni me ake ciki. Ni ne tafinta, da na so da na juya maganar. Na ce, "Ranka ya daɗe, 'yarta ce. Ni ne ban rubuta ta ba."

Ya sa aka kashe mota, ya buɗe akwati. Ya daɗe yana sauraren ƙirjin Altine. Sannan ya sa mini abin a kunne, ya ɗora a kan uwar, ya ɗora a kan 'yar. Ko ni da ban sani ba na ji: wani huci ne tsakanin bugu da bugu, iri ɗaya sak. Ya rubuta mata takardar Kano. Ni kuma ya ce zai rubuta gargaɗi a fayil ɗina, ya kuwa rubuta, kuma na cancanta.

A Kano aka ɗora Altine a kan magani, aka hana ta ɗaukar kaya mai nauyi, aka ce in ta yi aure kada ta haihu a gida. Bayan sun dawo Dije ta zo mini da man shanu a 'yar ƙwarya. Na kasa miƙa hannu.

"Dije, ki yafe mini tafiyar da na sa ki."

Ta yi murmushi. "Ai ka rubuta ta, Malam. Shi ke nan."

Damina biyu ta ƙara a duniya. Ban sake jin ta ambaci sunan ba. Altine kuwa ta rayu, ta haifi huɗu, kuma ɗaya bayan ɗaya ta kawo mini su a sa su a takarda.

Daga Dije na koyi aikin nan, ba daga Kano ba. Mutanenmu sukan zo da abin da bakinsu ba zai iya faɗi ba, sai ƙafarsu ta faɗa. In kun ga mai ciwo yana ta dawowa alhali maganinsa bai ƙare ba, ku ajiye alƙalami ku dube shi. Ranar da Altine ta kawo babban ɗanta, na tambayi sunansa, ta kau da kai. Ban sake tambaya ba. Na juya ga yaron, shi ya gaya mini.

Allah Ya jiƙan Dije, Ya saka mata da Aljanna.