Na Allah Da Bahon Tsohuwa Hamida

Kafin idonsa ya mutu, da an fito sallar asuba a Korgom Malam Na Allah zai hura gawayi a ƙofar gidansa, ya jera magagari da guduma da dalma a kan buhu, ya zauna jiran abin da mata za su aiko: tasar da ta huje, bahon da ya ɓantare. Ran kasuwa kuma ya bi amalanke zuwa Hawandawaki. Tun muna yara muke ganinsa haka, kuma kamar yadda muka saba, ba wanda ya taɓa ce masa sannu sai in kwanonsa na yoyo.

Yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya. In ya gama faci ba ya shafawa da yatsa, sai ya naɗe hannun riga ya goga cikin damtsensa a wurin. Ya ce yatsun maƙeri sun yi kanta, ƙarya suke yi, kuma fatar da za ta shiga baho ba ta maƙeri ba ce.

Bara yanar ido ta rufe masa gani, ya naɗe buhunsa. Ba mu ma lura ba, tunda roba ta cika kasuwa.

Sai ga Sa'adatu daga Hawandawaki. Uwarta, tsohuwa Hamida, ɓarin jikinta ya shanye, a babban bahon ƙarfe mai fenti ake zaunar da ita a yi mata wanka. Bakinsa ya ɓantare ya yanke ta a cinya, ita ba ta ji ba, sai da ruwa ya yi ja. Sun gwada na roba, ya tsage da ita a ciki. Daga nan sai shafe ta da tsumma. Matar da aka sani da tsabta ta fara jin warin jikinta, ta sa aka saki labule, ta hana kowa shiga gaishe ta, har ƙannenta.

"Baba, ba ta cin abinci," in ji Sa'adatu. "Kunya ce za ta kashe ta, ba ciwon ba."

"Ɗiyata, ni da ban ganin tahin hannuna, mi zan gyara?"

Ta ajiye bahon a gabansa. Sai ya ce a miƙo masa buhun.

Waɗanda suka zauna a zaurensa sun ba ni labari. Da lalube ya kankare tsatsar, ya cike, ya goge, ya sa damtse. Wurin ya yanke shi. Ya sake gogewa, ya sake sawa, har rana ta karkata, jini na bin gwiwar hannunsa. Da fatar ta wuce sumul ya ce, "A kai mata. Ba ya cizo yanzu."

Washegari aka yi wa Hamida wanka, aka shafa mata mai. Da bakinta da ya karkace ta ce, "Ku ɗaga labulen, a taho." Ƙannenta suka shiga, maƙwabta suka shiga, ta sha fura a gabansu. Ba ta ga ƙarshen watan ba.

Kai ne, Na Allah, ka sa ta yi sallama da danginta fuska da fuska. Ba ka warkar da ita ba, kuma ba wanda ya warkar da kai. Abin yana yi mini ciwo in gan ka zaune a dakali kana juya kai wajen kowace murya, mu kuwa muna wucewa a kan babur.

Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu sana'a, ku gwada aikinku a jikinku kafin ya taɓa na wani. Wanda ya biyo ta Korgom ya tsaya ya gaishe shi, ya faɗi sunansa da ƙarfi, don ba zai gane fuska ba.