Ƙwayar da Na Haɗiya da Cikin Fari

Ban cika shekara da aure ba aka gwada sabon maganin a kanmu. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne. Ni 'yar Bawku ce, aure ya kawo ni Salaga, gidan masu bandar kifi. Surukata ke riƙe da sana'ar. Tana da bukka da murhun banda a wani ƙauyen bakin ruwa kudu da gari, kuma a can muke cinye rabin shekara, muna sayen kifi a hannun masunta muna bandawa, maigidana yana loda shi a lori zuwa arewa.

A ƙauyen akwai wani ɗan baƙin ƙuda mai cizo da rana. Cizonsa ke kawo ƙaiƙayin da ba ya jin susa, a kwana a tashi ido ya fara hazo, daga nan sai sanda. Surukata ma idonta na hagu ya soma. Shi ya sa da likitoci suka zo suka ce akwai sabuwar ƙwaya, suna so su ba gari guda su ga yadda za ta yi, kuma babu dole, ba wanda ya zauna a gida.

Aka kafa tebur a gindin mangwaro, aka yi layi. A ɗora ka a sikeli, a rubuta ka a kati, a ba ka ƙwaya gwargwadon nauyinka, ka haɗiye a gabansu. Tafintansu kuwa ba kowa ba ne, wan mijina ne, mutumin da ko ruwa zan kai masa sai na durƙusa ina kallon ƙasa. Ya ɗaga murya har sau uku, da Hausa da Gonjanci, yaren mutanen yankin: duk mai ciki ta fita daga layi, ba za a ba ta ba.

Na ji shi sarai. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba a wannan shekarun nawa. Wata biyu ke nan ban ga al'adata ba, kuma ƙaurin banda ya fara tayar mini da zuciya. Matan da suka yi haihuwa biyar, shida, suka fice suna shewa suna tsokanar juna. Su kam me ya dame su? Amma cikin fari daban ne a wurinmu. Ba a faɗarsa, shi ke faɗar kansa. Amaryar da ta buɗe baki ta ce tana da ciki, har ta tsufa ana ba da labarinta. Ga surukata a bayana ta dafa kafaɗata saboda idonta, ga wan mijina a gabana da kati a hannu. In na taka ƙafa ɗaya waje, na yi shela ke nan.

Da layi ya zo kaina, shi ma bai iya kallona ba. Ya dubi katin ya ce, "Babu wata lalura dai ko?"

Na ce, "Babu."

Na haɗiye. 'Yar mitsitsiyar aba, ko ɗaci ba ta da shi.

Kwana biyu ƙauyen ya yi ta susa, wasu fuska ta kumbura, wasu zazzaɓi, sannan kowa ya warware. Ni ko kaina bai sara ba, kuma hakan ya fi tsorata ni, don na ce to ina maganin ya tafi in ba cikin ba? Da hankalina na lokacin na yi wa kaina bayani: maganin ido ne, ido zai nema, ga kuwa idon da bai gama haɗuwa ba. Tun daga ranar na sa a raina makaho zan haifa, kuma da hannuna na jawo. Ban faɗa wa kowa ba. In na ga makafin ƙauyen zaune a inuwa sai in canza hanya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan wata huɗu masu binciken suka dawo duba waɗanda suka sha. Cikinsu akwai wata nas, Bagonjiya, gajeriya mai faɗa, Hausarta irin ta zango, unguwar baƙi, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Ta dubi katina, ta dubi zanina, ta lanƙwasa yatsu tana ƙirga watanni. Sai ta ja ni bayan bukka.

"Amarya, ranar nan kana da shi, ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Me ya sa ba ka faɗi ba? Mun tambaya, sau uku mun tambaya!"

Nan fa raina ya ɓaci, don tsoro in ya yi yawa faɗa yake komawa. Na ce, "Sista, wa kuka sa ya tambaya? A gaban wa? Ke da kike 'yar ƙasa, da ke ce za ki faɗa?"

Ta sake duban katin. Can ta ce, "Ka yi gaskiya." Daga baya na ji sun canza tsari, mace ke shiga da mata ɗaki ɗaya bayan ɗaya ta tambaye su. Wannan ya amfani wasu, ni kam na riga na haɗiye tawa.

Na tambaye ta abin da ke cina. Ina so ta ce babu komai, ko da ƙarya ce. Ta ƙi. Ta ce ba su ga ya yi wa wani ciki illa ba, amma ba a gwada shi a kan masu ciki ba, don haka ba za ta rantse mini ba. Abin da za ta iya shi ne ta riƙa duba ni, in na haihu kuma ta duba abin da na haifa da idonta. A ranar na ji haushinta ƙwarai. Yanzu na san da ta lallashe ni da ban yarda da ita daga baya ba.

Da yamma surukata ta kira ni, tana juya kifi a kan waya, ba ta juyo ba. Ta ce, "Tun ranar da kika daina cin kan kifi na sani."

Na ce, "Mma, kin sani kika bar ni?"

Ta ce, "In faɗa a bainar jama'a baki ya kama shi? Na zaci ke za ki zame ki ce za ki kewaya."

Ashe ni ina kunyarta, ita tana tsoron baki, mu biyu muka tsaya a layi ɗaya kowa na jiran ɗaya. Na yi dariya, dariyar ta ƙare da kuka.

Da cikin ya shiga wata takwas aka ɗauke ni zuwa gida, tunda haihuwar fari a gaban uwa ake yi. Ba wanda ya tuna da nas, har ni. Hanya ta jijjiga ni, sai da na yi mako biyu a Yendi wurin goggona kafin na iya ci gaba, na hau dutsen Nakpanduri a gaban lori ina salati. Na haihu lafiya a Bawku, wani hantsi ranar kasuwa, na sami mace.

Yatsu cif, kuka kamar za ta tsaga ɗaki. Kowa na barka, ni ido nake kallo. Jariri kuwa idonsa yawo yake yi, ba ya tsayawa a kan komai. 'Yar fari ce, ba a son a ga uwa tana ɗokinta, ba ka kiran sunanta, ba ka cewa taka ce, nono ma sai an ce ka ba ta kana ɓata rai. Saboda haka sai innata ta fita ɗora ruwan wanka nake saurin kaɗa mata yatsa a fuska. Wani lokaci ta ƙifta, wani lokaci ta yi kamar ba ni a wurin. Innata ba ta san komai ba, tana ta mitar ban da cin abinci, wai na ƙi kunun kanwa kamar ba mai jego ba.

Saura kwana uku mu yi arba'in, muna tsakar gida ana tsinke albasa, sai ga sallama da wata murya da na sani. Nas ce, da jaka a rataye, ƙafafunta jawur da ƙasar hanya. Ta je Salaga aka ce Yendi, ta je Yendi goggo ta ce Bawku, a Bawku ta bi rumfunan masu albasa tana tambayar wanda 'yarsa ke aure a Salaga.

"Amarya, ka wahal da ni! Ka gudu da katin mutane!"

Innata ta ce, "Baiwar Allah, lafiya?"

Dole na faɗa. Na faɗa kaina a ƙasa, tun daga gindin mangwaro. Innata ta ajiye wuƙa ta shiga ta ɗauko jaririyar.

Nas ta shimfiɗa zani, ta tuɓe ta. Ta auna kai da igiyar awo, ta sa kunne a ƙirji, ta leƙa baki, ta juya ta ta bi ƙashin baya da yatsa, ta tafa hannu a kusa da kunne, yarinya ta zabura. Tana yi tana rubutawa, ba ta sauri, ni kuwa kamar in fizge biron. Sai ta ce a koma inuwar zaure. Ta ciro 'yar tocila ta haska idon dama, ta haska na hagu. Ta kashe. Sannan ta ce in riƙe ta, in kawo fuskata kusa.

"Yanzu ka kai kanka wannan gefe. Sannu-sannu."

Na karkata dama. Idanun suka biyo ni. Na koma hagu, suka ɗan tsaya, suka nemo ni, suka same ni.

"Yana gani," in ji nas. "Ba abin da ya same shi. Lafiyarsa lau."

Na zauna daɓas a ƙasan zauren. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba, a gaban uwata, a gaban baƙuwa, har da maƙwabtan da suka leƙo: "Inna, 'yata tana gani! 'Yata ta gan ni!"

Na jira tsawa. Innata ta goge ido da bakin mayafi, ta zauna kusa da ni, ta ce, "To, ƙara matsawa can mu gani."